Doktora daban, koyarwa daban

A ƙasar nan wanda zai riƙe aji a makarantar firamare, doka ta ce sai ya bi ta makarantar horon malamai, a koya masa yadda ake shirya darasi da yadda ake tsayawa gaban yara. Wanda zai koyar a kwaleji ko lise, hanyar da aka shimfiɗa masa ita ce babbar makarantar horon malamai ta Yamai, wato ENS. Ba mu manta da ƴan kwantaragi ba, waɗanda aka riƙa turawa aji ba tare da isasshen shiri ba, amma wannan kowa ya yarda kuskure ne, har da magabatan da suka ɗauke su. Jami'a kaɗai ce makarantar da za a miƙa wa mutum alli da ɗalibai ɗaruruwa, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake koyarwa, kuma ba wanda ke ganin an yi wani abin kunya. Takardar doktora ta isa.

To, mene ne doktora? Mutum ne ya zaɓi tambaya ɗaya ƴar ƙarama, ya duƙufa a kanta shekara uku ko biyar, ya rubuta littafi, ya kare shi gaban manyan malamai. Aiki ne mai wuya, kuma wanda ya gama shi ya cancanci a girmama shi. Sai dai abin da takardar ke shaidawa shi ne mai ita ya iya bincike. Ba ta ce komai ba game da ko zai iya fahimtar da yaron da ya ci bak a Mirriya ko Madawa, wanda Faransancinsa na lise ne, wanda bai taɓa shiga ɗakin karatu mai cin mutum ɗari biyar ba, kuma yana zaune can baya inda muryar lasifika ke isa a gutsure. Wanda ya san hanyar rijiya ba lalle ne ya iya janye makaho zuwa bakinta ba.

Wannan matsala tana ɓoye muddin jami'armu ɗaya ce. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Shekara kusan arba'in ita kaɗai ce jami'ar gwamnati, in an cire ta Musulunci da ke Sayi, wadda ta ƙasashen Musulmi ce baki ɗaya. Malamai kaɗan ne, sun san juna, sabon shiga yana girma ƙarƙashin inuwar tsoho. A 2010 aka ɗaga makarantun fasaha na Maraɗi da Damagaram da Tawa suka zama jami'o'i. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Diffa da Doso da Tilaberi. Daga ɗaya zuwa takwas cikin shekara huɗu. Gini ana iya tada shi cikin damina biyu in akwai siminti, farfesa kuwa shekara ashirin ake yi ana renonsa. Saboda haka sababbin jami'o'in suka tashi a kan wuyan matasan da suka dawo da doktora jiya jiya, da malaman wucin gadi da ake biya bisa awa, da manyan malamai masu zuwa daga Yamai ko daga ƙasashen maƙwabta.

Wannan na ƙarshe ya kamata uba mai biyan kuɗi ya san yadda yake tafiya. Malami zai yi tafiyar kilomita wajen 900 daga Yamai zuwa Damagaram, yana da nasa ɗaliban da ke jiran sa a gida, don haka darasin da aka tsara a yi cikin wata uku sai a dunƙule shi cikin mako ɗaya ko biyu, safe da yamma. Yara su kwafe, su haddace, a yi jarrabawa, su manta. Ba laifin malamin ba ne, shi taimako ya zo yi. Amma koyarwa a cikin irin wannan matsi fasaha ce ta daban, mai bukatar sanin abin da za a zaɓa da abin da za a bar wa ɗalibi ya nema da kansa, kuma ba wanda ya zauna ya koyar da ita.

Mai karatu zai ce ai akwai masu duba aikin malaman jami'a. Akwai. Majalisar CAMES ce, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu. Ita ke tantance wanda ya isa ya tashi daga mataimaki zuwa mataki na gaba, har zuwa cikakken farfesa, kuma albarkacinta ne muƙamin malamin Nijar yake da daraja ɗaya da na Dakar ko Abijan. Ba mu raina wannan ba, domin ya tsare jami'a daga rabon muƙami irin na siyasa. Amma ku dubi yadda ake yi. Malami yana haɗa takardunsa ya aika, kwamiti ya zauna a wata ƙasa ya karanta. Ana lissafa awowin da ya koyar da ɗaliban da ya jagoranta, gaskiya ne, amma abin da ke da nauyi a ma'auni shi ne maƙalolin binciken da ya buga. Ba ɗan kwamitin da zai zo ya zauna a ajinsa ya saurara. Malami kuwa ɗan Adam ne, yana da iyali, ya san abin da ke ƙara albashi. In ya samu daren hutu ɗaya, tsakanin gyara darasin da ya rubuta shekara shida da suka wuce da kammala maƙalar da za ta ɗaga shi, wanne kuke tsammani zai zaɓa? Ni ban ga laifinsa ba.

Abin lura shi ne a fannin likitanci da shari'a da tattalin arziki, CAMES ɗin nan tana da gasar da ake kira agiregasiyon, inda ake ba ɗan takara batu, a ba shi ƴan awowi ya shirya, sa'an nan ya tsaya gaban alƙalai ya ba da darasi da bakinsa. Ke nan an san cewa iya karantarwa abu ne da ake iya aunawa. A sashen likitanci ma, a asibitin Lamorde, ƙaramin likita yana bin babba gado gado, yana ganin yadda ake yi wa ɗalibi tambaya, ana gyara masa nan take. Hanyar tana cikin gida. Ba a dai shimfiɗa ta zuwa sauran sassa ba.

Sai kuma aka kawo tsarin LMD, wato lisansi shekara uku, mastar biyu, doktora uku. Daga Turai ya taso a 1999, ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da su bi shi a 2007, Nijar ta shiga. An raba shekara gida biyu, kowane zango yana da maki 30 da ake kira kiredi, lisansi ta cika da 180. Ruhin tsarin shi ne ɗalibi ya yi aiki da kansa, malami ya zama jagora, a riƙa auna yaro a kai a kai maimakon a jira ƙarshen shekara. Mutumin da ya yi karatunsa a tsohon tsari, inda malami ke shifta ɗalibai na rubutawa, aka ce masa daga bana ya canza hali. Da me? A wurare da yawa abin da ya faru shi ne an yanka tsohon darasi gida biyu, aka sa wa kowane rabi sabon suna. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe makarantu, an ga wani ɓangaren raunin: ana maganar karatu daga nesa, alhali malamai da dama ba a taɓa nuna musu yadda ake tsara darasi don intanet ba, balle a zo ga maganar wutar lantarki da tsadar sadarwa.

Magabata za su amsa cewa ana horo, kuma za su nuna hotuna. Duk ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi ya san irin horon da ake nufi, don shi ma ya sha zuwa. Seminar ce ta kwana uku a otal, da kuɗin wata ƙungiyar waje. Ranar farko ta tafi a jawabin buɗewa da jiran babban baƙo, ranar ƙarshe ta tafi a karanta shawarwari da rabon takardun shaida, tsakani akwai shan kofi sau biyu da layin karɓar fardiyam. Wanda aka aika sau da yawa ba shi ne mai bukata ba, wanda ke kusa da mai rubuta sunaye ne. Ba ina cewa ba a ƙaruwa da komai ba. Amma wa ke zuwa bayan wata uku ya ga ko an canza wani abu a aji? Ran da kuɗin mai bayarwa suka ƙare, horo ya ƙare. Mun mai da neman ƙwarewa wata hanyar cika albashi, kuma wannan cuta ba a jami'a ta tsaya ba.

Ƴan kasuwarmu sun fi mu fahimtar wannan al'amari. Ba Alhajin da ke kasuwar Maraɗi da zai ɗauki yaro yau, ya tura shi Kwatano ko Kano sayen kaya gobe, don kawai yaron ya zo da takarda. Zai zaunar da shi a shago shekara da shekaru, ya ga yadda yake magana da mai ciniki, yadda yake riƙe lissafi, ya gyara masa a gaban kaya, sa'an nan ya fara ba shi ƙaramin jari. Horo ke nan: a wurin aiki, a hankali, ƙarƙashin idon wanda ya riga ka. Shi wannan Alhajin ne kuma ke biyan haya da abinci da kuɗin kwafin takardu na ɗiyansa a jami'a, lisansin shekara uku ta koma biyar saboda faɗuwa da yajin aiki da shekarun karatu da ke hawa kan juna, ba ya tambayar ko an yi wa malamin irin renon da shi yake yi wa yaran shagonsa.

Kada mu manta da waɗanda ba sa riƙe alli. Jami'a ba malamai kaɗai ba ce. Akwai ma'aikatan ofishin rajista, da masu kula da ɗakin littattafai, da masu riƙe ɗakunan gwaje-gwaje, da akantoci. A tsarin LMD, ɗalibi ɗaya yana da sakamako barkatai a kowane zango, wasu ya ci, wasu yana bin bashi daga bara, wasu ana cike su da makin wani darasi. Ma'aikacin da ke shigar da wannan cikin kwamfuta, in bai gane ƙa'idar ba, kuskurensa ɗaya yana iya cin shekarar yaro, ko ya hana shi alawus, ko ya sa takardar shaidarsa ta makara har ranar gasar shiga aiki ta wuce. Na'urar gwaji ta miliyoyi tana iya kwana cikin kwali saboda an sayo ta ba a horar da mai tada ta ba. Duk da haka in an zo rabon damar ƙaro ilimi, su ne na ƙarshe a layi.

Faransa, wadda muka kwafo tsarin jami'armu daga gare ta, ta daɗe cikin irin wannan sakaci, amma ta farga. Tun daga 2018, sabon malamin jami'a a can tilas ne ya bi horon koyarwa a shekararsa ta gwaji, kuma ana rage masa awa 32 daga cikin 192 da ke kansa don ya samu sukunin yin haka. Ba tafiya ƙasar waje, ba otal, a cikin jami'arsa ake yi. Tun da mun iya kwafar sunayen takardu, me ya hana mu kwafi wannan?

Abin da nake ganin ya dace ba shi da tsada. Kowace jami'a ta ware ofishi ɗaya mai kula da koyarwa, da mutum biyu ko uku da suka san aikin, ENS ta Yamai ta taimaka da ƙwararrunta tun da sana'arta ce. Duk sabon malami, a shekararsa ta farko, a rage masa awowi, a haɗa shi da babba wanda zai shiga ajinsa sau da dama, shi ma ya shiga na babban. A koya masa shirya jarrabawa da gyara ta, domin nan ne hakkin yara ya fi salwanta. A riƙa jin ra'ayin ɗalibai a rubuce ba tare da suna ba, a miƙa wa malamin don amfanin kansa, ba don a muzanta shi ba. Kada a tabbatar da kowa a aiki sai ya gama wannan. Ma'aikatan ofis su ma a yi musu nasu, kowace shekara kafin buɗe makaranta. Kuɗin kuma ya fito daga kasafin jami'a, da layinsa na kansa, don kada ya mutu ran da baƙo ya kwashe jakarsa.

Na san inda za a yi gardama. Wasu manya za su ce ba wanda ya isa ya shiga ajinsu, za su kira ƴancin jami'a. Ƴancin jami'a abu ne da aka sha wuya kafin a same shi, kuma ƙungiyar malamai ta SNECS ta daɗe tana kare shi, amma an yi shi ne don kada mai mulki ya faɗa wa malami abin da zai koyar. Ba a yi shi don malami ya ɓoye wa abokin aikinsa ba. In ƙungiyar ce da kanta ta ɗauki wannan magana ta sa cikin bukatunta, kusa da albashi da kuɗin bincike, ba ministan da zai iya cewa a'a, kuma ba malamin da zai ce daga sama aka ɗora masa.

Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, duniya ta san shi da binciken makamashin rana. Amma kafin nan ya yi shekaru yana koyar da yaran sakandare a Dakar da Konakiri da Yamai, ya horar da malamai a Bamako, kuma littafin da ya buga a 1964 a kan ilimi a Afirka ne, ba a kan kimiyya ba. Da ya zama shugaban jami'a a 1979, ya riga ya san aji ciki da waje. Matasan da ake ɗauka yanzu a Maraɗi da Tawa da Damagaram, yawancinsu daga teburin bincike suke zuwa kai tsaye, kuma su ne za su riƙe waɗannan jami'o'i shekara talatin masu zuwa.