Ɗigon da ke faɗin ranar da kwamfuta za ta gaji

Uwargida, kin san katin awon yara, inda muke ɗiga nauyin jariri wata bayan wata. Ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai, amma in sun taru sai a ga inda yaron ya dosa. To, da irin wannan dabarar masana ke auna lafiyar manyan kwamfutocin da asibitoci da bankuna suka dogara da su.

A ƙasan takarda sukan jera yawan masu amfani da na'urar a lokaci guda, a gefe kuma kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinta aka ci. Kowace awa ɗigo ɗaya. Bayan 'yan makonni sai a ja miƙaƙƙen layin da ya fi kusa da ɗigon duka. Dabarar tsohuwa ce, don tun a 1886 wani Baturen Ingila, Francis Galton, ya gwada tsayin iyaye da na 'ya'yansu da ita.

A ce ma'aikata 20 na cin kashi 30, ma'aikata 40 kuma kashi 50. In asibiti zai buɗe sabon sashe su kai 70, layin ya riga ya nuna kashi 80.

Kada ki ce ai da saura. Ƙarfin da ake ci yana hawa a hankali, amma jira ba haka yake hawa ba. A lissafin jerin gwano mafi sauƙi, aikin daƙiƙa 1 kan ɗauki daƙiƙa 2 in an ci rabin ƙarfin na'ura, 5 a kashi 80, 10 a kashi 90. Nan ne mai ciki za ta wuni a kan benci, sakamakon gwajin jininta ya ƙi buɗuwa, ana ce mata babu netwok. Shi ya sa ake ƙara na'ura tun kafin a kai wurin.

Ke ma gwada da wayarki. Duk Juma'a ki duba gurbin da hotuna da bidiyo suka cinye, ki ɗiga a takarda. Bayan mako takwas ki ɗora rula, za ki ga watan da za ta cika. Makon biki ɗigon zai yi tsalle, kada ki ja layi da shi. Sai ki kwashe hotunan yara zuwa wani wuri tun da wuri, kafin ranar suna wayar ta ƙi ɗaukar ko ɗaya.