Fitilun ado goma sha biyu, siginar gefe ko ɗaya babu

Yau da direbobinmu na a-kori-kura nake, da kuma alhazan da suka mallaki motocin, musamman masu jigilar kayan gwari daga Mile 12 zuwa sauran kasuwannin Legas. Na san wasu za su ji haushi, su ji. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Makon jiya da yamma ina tsaye bakin titi wajen Ketu, sai ga wata a-kori-kura shaƙe da kwandunan tumatir za ta karya kwana zuwa hannun dama. A daidai gefenta akwai mai Keke Napep ɗauke da mata biyu da yaro. Direban ya rantse ya kunna sigina, kuma na yarda da shi, domin da na leƙa gaban motar na ga tana ƙyaftawa. To amma wa ya gani? Ta gaba tana kallon gaba, ta baya kuma buhun albasa da ya zubo ya rufe ta ruf. Mai Keken da ke tsakiya, daidai saitin ƙofa, babu abin da ya nuna masa cewa motar za ta faɗo kansa. Allah ya taƙaita, madubi ne kawai ya fashe, sai ƙujewa a hannun ɗaya daga cikin matan. Amma kafin minti biyar mutane sun cika wurin, kuma abin da na fara ji daga bakinsu shi ne "Aboki ne! Aboki ne!"

Abin da ya fi ba ni takaici, da na dubi motar da kyau, na ƙirga fitilun ado goma sha biyu: shuɗaye a goshi, koraye a ƙarƙashin bodi, har da wata doguwa mai canza launi kamar ta gidan biki. An samu kuɗin wannan duka. Ƙananan fitilu biyu na gefe, masu faɗa wa na kusa da kai inda ka dosa, su ne ba a samu kuɗinsu ba.

Bari in faɗi dalilin da ya sa motocinmu da yawa ba su da su, don kada a ce laifin direba ne shi kaɗai. Wani ɓangaren daga ƙasar da aka ƙera motar ne. A Turai doka ta wajabta wa kamfani ya sa ƙaramar sigina a gefen mota, ko a kan fenda bayan tayar gaba, ko a jikin madubi, kuma dole ta kasance ruwan lemo. Dokar Amurka ba ta wajabta wannan ba. Abin da ta ce a sa shi ne 'yar fitilar alama a gefe, ruwan lemo a gaba, ja a baya, wadda aikinta ta nuna tsawon mota da dare, kuma a motoci da yawa ba ta ƙyaftawa ko ka kunna sigina. Har ila yau Amurka ta yarda siginar baya ta zama ja, ta haɗu da fitilar birki. Shi ya sa za ka ga Hilux da 'yar siginarta a gefe, amma tokumbo irin su Tacoma ko Frontier ko Ford da aka sauke a Apapa, da yawansu babu. Na bayanka yana ganin ja tana ƙyaftawa, bai sani ba birki kake tattakawa ko kwana za ka sha.

Ɗaya ɓangaren kuwa namu ne, ba na Bature ba. Mu ne muke kai mota wajen mai walda ya ƙara mata bodi, ya faɗaɗa shi, ya ɗaga shi sama, har fitilun baya su shige can ƙarƙashi kamar ɓera a rami. Mu ne muke sauke ƙofar baya mu ɗora kwando uku a kai. Tsofaffin Fijo 504 kuwa ba a magana, wasu gilashin fitilar ya fashe tun zamanin da, an liƙe da leda.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a tasha.

Wani zai ce, "Ai ina fitar da hannu." Malam, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinka yana hagu. Hannunka ta tagar hagu yake fita. Wanda ke damanka, a bayan tulin kwanduna, ta ina zai ga hannun? Kuma dama ɗin nan ita ce wurin da ba ka gani sosai, ita ce inda ɗan acaba da mai Keke da mai tura baro suke raɓawa. Sai ka ce yaron mota zai leƙa ya daga musu hannu. Yaron da ya kwana yana lodi, yana gyangyaɗi tun daga Ojota?

Wani kuma zai ce, "Shekara ashirin ina tuƙi ban taɓa buge kowa ba, Allah ne ke tsarewa." Babu mai musun wannan. Amma kai ɗin nan da dare kana kulle motarka, kana cire batir ka shiga da shi ɗaki, kana biyan mai gadi. A kan batir ka san a ɗauki mataki, a kan ran ɗan mutane ne ka tuna da tawakkali?

Akwai masu cewa 'yan Road Safety da VIO ba sa tambayar siginar gefe, don haka ba dole ba ce. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni kunya. Ashe duk abin da muke gyarawa a mota don tsoron mai kaki muke yi? To su wa ke raɓe a gefen motocin nan? Ka je Agege, ka je Ikorodu, ka je Alimosho ka duba masu acaba, ka duba 'yan dako da masu kurar ruwa. Yaranmu ne, daga Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato da Borno. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan ƙananan hukumomi a 2022, sun koma cunkushe a ƙananan tituna, inda kwana ta fi yawa kuma hanya ta fi matsi. Idan ka murƙushe ɗaya, gawar garinku za a kai, ko garin maƙwabtanku.

In kuma wanda ka buge ɗan gari ne, kowa a nan ya san abin da ke iya biyo baya. Ba mu manta da watan Maris na 2016 ba, lokacin da rikici ya ɓarke a Mile 12 da Agiliti, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje, gwamnati ta rufe kasuwar, kayan gwari suka ruɓe a kan motoci. Rahotanni sun nuna daga ƙaramin hatsarin babur abin ya faro. Mu baƙi ne a nan, kuskuren mutum ɗaya a kan titi ba ya tsayawa a kansa, yana faɗawa kan mai shayi da mai sayar da goro da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya san haka kuma ya ƙi kashe ɗan abin da bai kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba, ban san sunan da zan kira shi da shi ba.

Aikin kansa ba wani abu ba ne. Ka shiga Ladipo ka sayi fitilun gefe guda biyu ruwan lemo. Ruwan lemo na ce, ba shuɗi ba, ba fari ba, ba kore ba, domin launin da kowa ya sani na sigina ke nan. Ka tabbatar na volt 12 ne in a-kori-kura ce, don manyan motoci da yawa 24 suke amfani da shi, in aka sa maka ba daidai ba ko dai ta ƙone ko ta yi dishi-dishi. Mai wayarin, wanda a nan ake kira riwaya, zai huda fenda bayan tayar gaba, ya jawo waya ɗaya daga wayar siginar gaba ta wannan ɓangaren, ɗayar kuma ya ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Shi ke nan. In bodinka dogo ne ko an faɗaɗa shi, ka ƙara wasu biyu a tsakiyar bodin, a jawo su daga siginar baya, a sa su inda kaya ba za su rufe ba.

Amma ka tsaya a kansa yana yi, don a nan ake cutar mutane. Wasu masu wayarin saboda gaggawa sai su haɗa ta da wayar ƙananan fitilu, ta kama ta tsaya cak ba ƙyaftawa. Wannan ado ka ƙara, ba sigina ba. Wasu su murɗa waya da hannu su naɗe da tef, ruwan Legas na farko ya shiga, ta mutu, ko ta riƙa ƙona maka fis. Ka ce a liƙe da dalma, a sa roba a ramin da waya ta bi don kada ƙarfe ya yanke ta, a shafa fenti a bakin hujin saboda tsatsa, ka san iskar garin nan da gishiri. Ƙwan siginar gaba da na baya yawanci wat 21 ne, na gefe wat 5, don haka ƙarin ba zai dami batir ba. Sigina mai lafiya tana ƙyaftawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. In ka ga tana rawar jiki da sauri fiye da haka, ko dai wani ƙwai ya mutu, ko an canza maka manyan zuwa LED ba a canza filasha ba. Kafin ka biya, ka kunna hagu, ka kunna dama, ka kunna ta gaggawa mai haɗa duka, ka sauko ka tsaya a inda mai Keke zai tsaya, ka gani da idonka.

Alhaji mai mota, wannan kuɗin daga aljihunka ya kamata ya fito, kada ka ce direba ya cire daga ɗan abin da yake samu. Motarka ce, sunanka ne a takarda, kai za a nema a ofishin 'yan sanda.

Shugabannin tashoshinmu kuma, kuna karɓar kuɗin lodi kullum, ba ku taɓa mantawa ba ko rana ɗaya. Ina roƙonku ku ba da wata guda. Bayan nan duk a-kori-kurar da ta zo layi, a sa direba ya kunna sigina bayan an gama lodi, ba kafin lodi ba, mutum ɗaya ya tsaya a dama, ɗaya a hagu. Wadda ba a ga komai a gefenta ba, ta koma bayan layi har sai ta je wajen riwaya ta dawo.