Cinikin Tsohon Ciki Da Falo A Birnin Shikago: Kuɗin Da Ba A Rubutawa A Allo

 Yau za mu ɗan bar farashin hatsi da fata da atamfa, mu leƙa wata kasuwa ta ƙasar Amurka, watau kasuwar tsofaffin gidajen bene na birnin Shikago. Nisan wuri bai hana a ɗauki darasi ba, gama ciniki ko'ina ciniki ne.

Da farko mu san hajar. A Amurka akwai abin da suke kira kondo. Gini ne guda mai hawa uku ko goma ko fiye, an yanka shi sashe-sashe, kowane sashe da mai shi da takardarsa. Amma rufi da bango da matakala da bututun ruwa da tukunyar ɗumama gida, duk na tarayya ne. Masu sassan sukan kafa ƙungiya, kowa ya riƙa biyan kuɗin wata don kula da ginin. Jihar Ilinoi, inda Shikago take, ta yi dokar irin wannan mallaka a 1963. A shekarun 1970 aka mai da ɗimbin gidajen haya na birnin suka zama kondo, aka sayar wa mutane ɗai-ɗai. Daga cikin ƙanana masu sauƙin kuɗi akwai mai ɗakin kwana ɗaya, wanda mu za mu ce ciki da falo, da madafa da makewayi.

Me ya sa ake rububin tsofaffin? Dalili na farko wuri ne. Unguwanni irin su Rogers Park da Edgewater da Lakeview da Hyde Park suna bakin Tafkin Mishigan, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana ratsa su ko yana bi kusa da su. Mai zama a nan ba dole ne ya sayi mota ba. Na biyu, aikin ginin. Da yawansu an gina su ne a shekarun 1920 da jan bulo ƙonanne, ga bango mai kauri, ga daɓen katako, ga silin mai tsawo, ga fili a tsakar gida don iska da haske. Na uku, kuɗinsu bai kai na sabon gini ba. Saboda haka ɗalibi da sabon ma'aikaci da tsohon da 'ya'yansa suka watse, duk nan suke dosa.

To, ra'ayinmu shi ne, wanda ya taya ɗakin bai duba ginin ba, cinikin biri a sama ya yi. Kuɗin da ke rubuce a allo kafin alƙalami ne kawai. Sauran yana zuwa wata-wata har ranar da mutum ya sayar.

Mu buga lissafi da misali. A ce ga ciki da falo biyu. Na farko dala 150,000, kuɗin watansa dala 650. Na biyu dala 180,000, kuɗin watansa dala 300. Mai gaggawa zai ce na farko ya fi araha da dala 30,000. Amma a shekara goma, watau wata 120, na farko ya ci dala 78,000 na kuɗin wata, jimla dala 228,000. Na biyu ya ci dala 36,000, jimla dala 216,000. Kun ga mai arahar ya koma mai tsada da dala 12,000. Araha dai ba ta ado.

Amma fa kada wani ya ɗauka ƙarancin kuɗin wata shi ne alheri. Sau da yawa a tsofaffin gine-ginen Shikago kuɗin ɗumama gida da na ruwa suna cikin kuɗin watan, kuma sanyin garin ba wasa ba ne, ƙanƙara ake yi wata da watanni. Sai a tambaya me da me kuɗin ya ƙunsa. Abin tsoro ma shi ne ginin da ya kusa shekara 100 amma kuɗin watansa ɗan kaɗan. Wannan yakan nuna masu ginin ba sa tara komai a asusun ajiya. Ranar da rufi ya yi yoyo, ko tukunya ta mutu, ko bulo ya fara zubewa, sai a yanka wa kowa karo-karo na musamman, a ce ya biya ko a ɗora wa sashensa bashi.

Wanda ke ganin ƙari muke yi, ya tuna da abin da ya faru a garin Surfside na jihar Fulorida ran 24 ga Yuni, 2021. Wani benen kondo mai hawa 12, wanda aka gina a 1981, ya rushe cikin dare, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa akwai babbar ɓarna a jikin ginin. An yi ta ja-in-ja a kan kuɗin gyara har ya kai dala miliyan 15. Rabon mai ciki da falo a cikin wannan kuɗi wajen dala 80,000 ne. Ba a kai ga babban aikin ba ginin ya faɗi. Shikago ma ta ga nata a 2003, sa'ad da barandar katako ta wani gida a unguwar Lincoln Park ta rufta, mutum 13 suka mutu.

Wannan masifa ta canja kasuwa. A 2022 jihar Fulorida ta yi doka cewa benen kondo mai hawa uku ko fiye, in ya kai shekara 30, dole injiniya ya duba shi, kuma dole a tara kuɗin gyara. Kuɗin wata ya hau, masu tsofaffin sassa da yawa suka fito da su kasuwa, farashi ya sauka. Haka nan Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen bashin gida daga bankunan Amurka, daga 2022 suka ƙi karɓar bashin sashen da ke cikin ginin da ake jinkirta masa babban gyara. In banki ya ƙi ba da rance a kan gini, masu saye sun ragu, sai mai kuɗi hannu, shi kuwa tayin wulaƙanci yakan yi.

Akwai kuma wata ƙaya. A Ilinoi, in masu kashi 75 cikin 100 na gini suka yarda a sayar da shi dungurungum ga mai jari, sauran dole su bi. Bayan da aka yi ta sayen gine-gine ta wannan hanya ana mai da su gidajen haya, majalisar birnin Shikago ta ɗaga adadin zuwa kashi 85 a 2019. Duk da haka mai ƙaramin sashe ƙaramar murya gare shi. Yana iya wayar gari an sallama gidansa ba da son ransa ba.

Wasu za su ce, in haka ne a guji tsohon gini ɗungum. Mu ba mu ce haka ba. Ginin da ya yi shekara 100 a tsaye ya nuna ƙarfinsa, sabon kuwa ba a gwada shi ba tukuna. Kuma fili a bakin tafki ba ya ƙaruwa. Tsohon gini mai asusu cike da shugabanni masu riƙon amana haja ce ta ƙwarai, ko da kuɗin watansa da ɗan nauyi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, abin da ake so ya san girman hujin kafin ya biya.

Doka ma ta ba mai saye hanya. A Ilinoi yana da haƙƙin neman takardar da ke nuna abin da ke cikin asusun ajiya, da manyan ayyukan da ake shirin yi a bana da shekaru biyu masu zuwa, da ƙarar da ke gaban kotu in akwai. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma, dole mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani game da fenti mai dalma, gama a shekarar ne aka hana shafa shi a gidaje.

Sai ku dillalai. La'ada takan sa baki ya yi zaƙi, a yabi daɓe da taga, a yi shiru a kan rufi. Ɓoye aibin haja ha'inci ne, a kara ne ko a Shikago. Mai sayen sa yakan buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Haƙorin kondo shi ne littafin ƙungiya. Dillalin da ya ajiye littafin nan gaban mai saye tun kafin a nema, yana iya rasa ciniki ɗaya, amma mai sayen zai dawo, ya kuma turo ɗan'uwansa. Duk wanda zai sa kuɗinsa a dukiyar tarayya, bene ne ko rumfa, ya fara tambaya: nawa ke cikin asusu, yaushe aka yi gyara na ƙarshe, wa ke riƙe da littafi? In an yi masa hanya-hanya wajen amsa, ya ce albarka, ya riƙe kuɗinsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.