Masu nutson Zanzibar kifi suke kallo, namu na Shagari gawa suke nema

Ranar Juma'ar da ta wuce muna zaune a teburin mai shayi nan Bodinga, wani abokina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, kalli yadda ake cin duniya da tsinke." Bidiyon TikTok ne. Wata 'yar Najeriya ce ta je hutu Nungwi, wani ɗan ƙaramin gari na masunta da masassaƙan jirgi a bakin teku, can ƙarshen arewacin tsibirin Zanzibar. An goya mata tukunyar iska a baya, ta sa gilashi a fuska da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ta sulale cikin ruwa. Ruwan garai-garai, kana hango yashin ƙasa. Ga kifaye kala-kala, ga wani ƙaton kunkuru yana wucewa abinsa ko a jikinsa. A ƙasan bidiyon kuwa 'yan Arewa sun cika wurin sharhi: wannan ya ce Allah ka kai mu, wancan ya ce talauci bai yi ba.

Ni ma na ce amin, don ba zan yi maka ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Amma da na koma gida sai na tuna bidiyon ƙarshe da na gani na masu nutso a jiharmu. Daga Shagari aka ɗauko shi. Maza ne da gajeren wando, ba tukunya, ba gilashi, su ja numfashi su nutse cikin jan ruwa, su ɓullo, su sake komawa. A bakin gaɓa mata na kuka. Yara suke lalube.

Kar mu yi saurin mantuwa. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, aka tsamo gawa 29, mafi yawansu yara da matasa. Itacen girki suka tafi nema a tsallaken ruwa. A watan Mayun 2023 aka sake yi da yaran Dandeji, nan dai Shagari, aka tsamo 15. Su ma itace ne ya fitar da su. A watan Agustan 2025 kuma jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Duk lokacin da aka yi, labarin da za ka ji a rediyo iri ɗaya ne: gwanayen ninƙaya na yankin suna ci gaba da neman sauran. Manya su zo jaje, a kawo buhunan shinkafa, mu kuma mu sa baƙin hoto a Facebook na kwana biyu, shi ke nan.

To ga abin da nake son mu tattauna. In za mu yi sha'awar wani abu a bidiyon nan na Nungwi, mu yi sha'awar abin da ya zo kafin kunkurun.

Wannan baiwar Allah da ka gani, in takardar shaidar nutso ta nema, ba a goya mata tukunya haka kawai ba. PADI, ƙungiyar da ta fi kowace bayar da irin wannan shaida a duniya, tana da sharaɗi ga mai neman matakin farko: sai ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ya zauna a saman ruwa minti 10 bai nutse ba. Bayan horo na kwana uku zuwa huɗu, iyakar zurfin da aka yarje masa mita 18 ne, kuma ba ya shiga shi kaɗai, sai da abokin nutso. Wato hatta mai kuɗin da ya hau jirgin sama don ya je wasa da kifi, abu na farko da ake tambayarsa shi ne: ka iya ruwa? Mu kuma kullum muna loda yara talatin, arba'in cikin kwale-kwale, ba wanda ya taɓa yi musu wannan tambayar.

Akwai kuma wani ɓangare na Nungwi da ba ya fitowa a TikTok. A ranar 10 ga Satumban 2011 wani jirgin fasinja mai suna Spice Islander, da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima, ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa tsibirin Pemba. An tsamo gawa kimanin 200, wasu ɗaruruwa ba a sake ganinsu ba. Mutanen Zanzibar a tsakiyar teku suke zaune, amma da yawansu, musamman mata, ba su iya iyo ba. Kusan dukkansu Musulmi ne kamar mu, kunyar da muke ji su ma suna ji. A garin na Nungwi ne wata ƙungiya mai suna Panje Project ta shiga koya wa yara da 'yan mata iyo. Matan na shiga ruwa da suturar da ta rufe jiki daga kai har ƙafa, suna koyon tsayuwa a saman ruwa rungume da jarkar roba wadda ba komai a cikinta, kuma an horar da mata 'yan garin su zama masu koyarwa. Jarka fa, irin wadda ke bayan ɗakin kowannenmu.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasan wannan rubutu: kwana ne ya ƙare, ko sun iya ruwa sai sun tafi. Ba na jayayya da ƙaddara, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri. Sai dai mai wannan magana shi ne da dare yake sa wa babur ɗinsa kwaɗo har biyu, wayarsa ma da lambar sirri. A kan babur mun yarda da rigakafi, a kan ran ƙanwarmu kuma sai mu ce a bar wa Allah? Haba ɗan'uwa.

Wani kuma zai ce ai aikin gwamnati ne, ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ga NEMA, ga NIWA mai kula da hanyoyin ruwa. Haka ne, kuma zan zo kansu. Amma ka yi lissafi. Mutumin da ya nutse, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwarsa ke fara lalacewa saboda rashin iska. Motar agaji da za ta taso daga Sakkwato, ta ratso Bodinga, ta kai Shagari, sannan ta gangara hanyar ƙauye zuwa bakin ruwa, ko da gudun tsiya take yi, ɗaukar gawa za ta zo. Ko tukunyar iska irin ta Zanzibar aka jibge a hedikwata, lissafin bai canja ba. Wanda zai ceci yaron da ya faɗa ruwa a Dandeji dole ɗan Dandeji ne, wanda ke tsaye a wurin. Ko kuma yaron ya ceci kansa, in an koya masa ya kwanta rigingine a saman ruwa ya daina fafutuka har a kawo masa ɗauki.

Kuma abin haushin, ba wai ba mu da gwanaye ba ne. Je ka Argungu, nan kusa da mu. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, ake bikin kamun kifi a Matan Fada, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A wasannin Kabanci ana tseren kwale-kwale, ana kama agwagwar ruwa da hannu, ana gasar nutso. Sarkawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, masunci ya rungumi gorarsa ya yini a kan kogi. Gorar nan da jarkar Nungwi aikinsu ɗaya. Ilimin na nan a gida, mu ne muka mayar da shi abin kallo na shekara-shekara da kuma abin kira ranar makoki. Masuncin da ya yini yana lalubo gawar 'ya'yan mutane, in an gama jana'iza wa ya san sunansa? Wa ya tambaye shi ko ya ci abinci?

Ba zan yaudare ka da cewa madatsar ruwan Shagari za ta zama Zanzibar ba. Ruwanmu ja ne, in ka nutse ko tafin hannunka ba za ka gani ba, kuma ba baƙon da zai sayi tikiti don ya zo kallon taɓo. Amma nutso sana'a ce, ba wasan 'yan hutu kaɗai ba. Tun da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a Faransa a 1943, masu nutso ke duba ƙofofin madatsun ruwa da ƙafafun gada da bututun mai. Ka tuna labarin Harrison Okene, kukun wani jirgi da ya kife a tekun kudancin Najeriya a watan Mayun 2013. Kusan awa 60 ya yi a wani ɗan lungu da iska ta maƙale, a zurfin mita 30. Masu nutson da aka tura gawa suka je ɗaukowa, sai hannu ya kamo ɗayansu. Daga baya Okene da kansa ya je ya koyi aikin ya zama mai nutso. Yaron Shagari da ya tashi a bakin ruwa, me zai hana shi wannan sana'a in ya samu horo?

Amma a kula, horo na ce. Kar wani ya ga bidiyo ya je ya nemo tsohuwar tukunya ya ce zai gwada. A zurfin mita 10 kacal, nauyin da ke danne jikinka ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. In ka shaƙi iskar tukunya a can ƙasa ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura a ƙirjinka, tana iya fasa huhu. Shi kansa Okene da aka fito da shi sai da aka ajiye shi a wani ɗaki na musamman na 'yan kwanaki kafin jikinsa ya daidaita.

To me za mu iya yi, mu da ba mu da ofis sai waya?

In kai ɗan bakin ruwa ne kuma ba ka iya iyo ba, ka cire girman kai ka je wurin masuncin unguwarku ya koya maka, a wuri marar zurfi, da rana, da mutane a kusa. In ka iya, ka koya wa ƙannenka. 'Yan'uwa mata, ku nemi matan da suka iya su koya muku a keɓe, da suturarku. A Bangladesh, inda ruwa ke cin yara sosai, a cikin kududdufin ƙauye ake kafa shingen gora a koya wa yara iyo, ba su jira an gina musu wurin wanka irin na otal ba. A dai lura da tsargiya, wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, tana da magani.

In ka ga wani na nutsewa kuma kai ba gwani ba ne, kar ka faɗa. Wanda ruwa ke ci duk abin da ya kama ba ya saki, sai ku tafi tare. Ka jefa masa jarka da murfinta a rufe, ko igiya, ko ka miƙa masa doguwar sanda. Majalisar samari ɗaya, in kowa ya haƙura da kuɗin data na mako guda, za ta iya ajiye jarkoki da igiya a mashigin garinsu, ta ɗaura wasu a jikin kwale-kwalen da ke fito da yara.

Sai kuma manya. NIWA ta hana tafiyar dare a ruwa, ta hana lodi fiye da ƙima, ta ce ba mai shiga jirgi sai da rigar kariya. Doka kam akwai ta a takarda. Tambayar da za mu riƙa yi wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'armu ita ce: riguna nawa ne a mashigin Gidan Magana yau, kuma a hannun wa suke? Masu nutso nawa aka rubuta sunayensu, aka koya musu yadda ake farfaɗo da wanda ya sha ruwa, ake ba su ɗan alawus? Kuma me ya sa har yanzu sai yarinya 'yar shekara goma ta tsallaka ruwa kafin a dafa tuwo a gidansu? A yi tambayar da ladabi, amma a yi ta a bainar jama'a, a kuma maimaita.

Wayar nan da muke ɗaukar gawarwaki da ita muna yaɗawa, wanda ma bai dace ba, mu riƙa ɗaukar jirgin da aka cika maƙil tun yana bakin gaɓa, mu tura wa waɗanda abin ya shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ruwa ke ci duk shekara, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka. Ranar tana faɗowa tsakiyar daminarmu, lokacin da koguna ke cika. Mu da muke iya tayar da ƙura a intanet saboda rigimar 'yan fim, ba za mu gaza cika rana ɗaya da maganar ran ƙannenmu ba.

Jiya na koma wurin mai shayi, na tambayi abokin nawa ko ya iya ruwa. Ya yi dariya ya ce ko a baho ba ya sakin jiki. Na ce to in Allah ya kai ka Nungwin, a bakin gaɓa za ka zauna kana gadin takalman mutane. Mun yi da shi ranar Asabar za mu je Shagari wurin wani masunci, kowa da jarkarsa. Wanda ke so ya zo, ƙarfe bakwai a tasha.