Ido Da Kunne Sun Isa A Soma Piyano

Sau da yawa muna jin ana sare wa ƙannenmu gwiwa, wai wanda bai iya karanta solfej ba kada ya taɓa piyano. Mu dai ba mu yarda ba. Wane mai gurmi ko mai goge ne ya koyi kiɗa a takarda? Zama suka yi gaban maigida suna kallon yatsunsa.

Piyano ma haka yake. Dubi baƙaƙen madannai: biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagu da biyun nan shi ne Do. Daga shi sai Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, kuma a koma Do. Danna Do, Mi da Sol tare, ka samu haɗin sautinka na farko. Baƙaƙen kuwa, taɓa su su kaɗai, za ka ji amo irin na gida, don yawancin kiɗanmu kan sauti biyar yake tafiya.

Amma fa a faɗi gaskiya: wanda ya tsaya ga kwaikwayon bidiyo a salula, ranar biki in zabiya ta ɗaga murya sai ya yi cirko-cirko. Don haka in ka kalla, aje waya, rera waƙar da bakinka, ka lalubo sautin da kanka. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi.

Ba kowa ke da halin zuwa CFPM Taya a Yamai ba. Yaron Tasawa ko Madawa da ya samu aron piyano, don Allah a bar shi ya soma. Solfej ya biyo baya.