Kada Ƙungiyarku ta Watse Bayan 'Yan Aji Shida

Ɗalibai, idan kuna da ƙungiyar ƙera mutum-mutumi a makarantarku, ku duba su wa suka iya aikin. Sau da yawa 'yan aji shida ne kaɗai. Da zarar sun gama jarrabawar WAEC sun tafi, sai batura da wayoyin lantarki su koma cikin kwali, ƙura ta lulluɓe su.

A ganina, tun zangon farko ya kamata ku jawo 'yan aji ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ku mai da su 'yan aike. Ku koya wa wannan haɗa waya, wancan rubuta umarni a kwamfuta. Idan mutum-mutumin ya ƙi motsi, ku nemi matsalar tare, kada ku nemi mai laifi.