Sabis ya ɗauke, ilimi bai kamata ya ɗauke ba

A ranar 3 ga Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle a yaƙinta da 'yan bindiga. An maido wa Gusau layinta a farkon Oktoba, amma garuruwa irin su Damri ta ƙaramar hukumar Bakura, da ƙauyukan Maradun da Talata Mafara, sai ƙarshen Nuwamba suka sake jin ƙarar waya. Darasin waɗannan watanni har yau masu tsara shirye-shiryen ilimi da lafiya ba su ɗauke shi ba.

A wancan lokacin wa'azi da waƙa da finafinan Kannywood ba su daina yawo ba. Matasa sun ci gaba da tura su daga waya zuwa waya da Xender da Bluetooth, domin waɗannan ba ruwansu da turken kamfani. Waya ɗaya ce ke kunna Wi-Fi ɗinta ta zama uwar garke, sauran su jingina da ita, fayil ya tsallaka kai tsaye. Idan aka ɗora mata ƙaramar manhajar raba fayil, duk wata waya ko kwamfuta da ke cikin ɗakin za ta buɗe ta da burauza, ta kwashi abin da take so, ba a kashe ko kwabo na data ba.

Amma ɗan boko yana kallon wannan a matsayin sana'ar masu tura waƙa a bakin kasuwa. Idan ya zauna a Abuja ya tsara shiri don malamin firamare ko ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, sai ya rataya komai a wuyan intanet: rajista a shafi, darasi a bidiyon da sai da data, rahoto ta imel. Ranar da sabis ya ɗauke, shirin ya mutu, laifi kuma ya koma kan ɗan ƙauye, wai bai waye ba.

Kayan aikin suna nan, kyauta. Kiwix tana ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, kuma tana iya raba ta daga waya ɗaya zuwa aji guda. An ƙera Kolibri ne musamman don makarantun da ba su da intanet. A Kuba, kundin mako-mako mai kusan terabait guda ya yi shekaru yana zagaya ƙasar hannu da hannu.

Masu suka za su kawo batun tsaro, kuma suna da hujja: a Yuni 2020 Indiya ta haramta Xender da SHAREit bisa zargin kwasar bayanai. Maganin wannan shi ne manhaja mai buɗaɗɗen tushe irin LocalSend, da kalmar sirri, da hana bayanan marasa lafiya hawa wayar kowa. Shi kuwa Wi-Fi ɗin waya iyakarsa 'yan mitoci, ba ya kai saƙo daji.

Don haka duk shirin da za a kawo Zamfara, a fara gwada shi a ajin da babu sabis. Wanda ya faɗi wannan jarrabawa kada a biya kuɗinsa, domin ba don yaran Damri aka yi shi ba.